Gigin tsufa: in Inna ta tambayi mijinta da ya rasu, mi za a ce mata?

Yau wata gardama na kawo muku, wadda ta tashi cikin danginmu tsakanin miji da mata, kuma har yanzu ban ce ta mutu ba. Ku karanta ta, ku kai ta zaure ku auna da kanku, don gidan da ba ta shiga ba yau tana iya shigarsa gobe.

Ina da gwaggo, ƙanwar mahaifina, a wani ƙauye kusa da Tasawa. Ta haura shekara 80. Da ƙarfinta mace ce mai sana'a, tana matsar man gujiya, tana kai ƙuli kasuwa, kuma ko dala ɗaya ba ta taɓa ɓace mata cikin lissafi ba. Shekara 4 ke nan da ta fara mantuwa. Da farko abin dariya ne: ta aje carbi ta yi ta nema, ta sa gishiri sau biyu cikin miya. Daga baya sai ta fara ɓata hanyar rijiya. Ɗanta, taubashina, ya ɗauko ta ya maido gidansa, ya ba ta ɗaki kusa da na matarsa.

Kullum in la'asar ta yi sanyi, sai Inna ta ƙulle ƴan tufafinta, ta aza bisa kai, ta nufi ƙofa. In an tambaye ta, sai ta ce gida za ta, Malam na nan tafe daga gona, ita kuwa ba ta ɗora tuwo ba. Malam, mijinta, shekara 11 ke nan da rasuwarsa.

Taubashina mutum ne mai tsoron Allah, ba ya son ƙarya ko cikin wasa. Sai ya tare ta ya ce: "Inna, Baba ai ya rasu. Ke da kanki kika yi masa takaba." Nan take tsohuwa ta zube ƙasa da kuka, tana cewa don mi ba wanda ya faɗa mata, don mi aka kai shi ba ta gan shi ba. Kuka irin na ranar farko. Bayan an jima ta mance abin da aka faɗa mata, amma ta ƙi cin tuwo, ta kwana tana juyi. Gobe da la'asar ta sake ƙulle kayanta.

Matarsa ita ke wuni da ita, ita ke kwana kusa da ita. Sannu a hankali ta samo tata dabara. Sai ta ce: "Inna, zauna ki taya ni tsince waken nan tukuna." Wata rana wake bai riƙe ta ba, sai ta ce mata: "Inna, Malam ya aiko, ya ce yau zai yi dare, ki ci tuwo nan." Tsohuwa ta aje ƙunshi, ta ci, ta yi barci lafiya. Maigida ya ji maganar daga zaure. Da dare ya ce ma matarsa: "Uwata za ki yi ma ƙarya, ina raye?" Ta ce: "Maigida, kai kana faɗin gaskiyarka ka fita masallaci. Ni ke kwana da kukan."

To, wa ke da gaskiya cikinsu?

Kafin a raba gardama, ya kamata mu san abin da ya sami tsohuwar. Mu muna ce masa gigin tsufa, ko mu ce wane ya ruɗe. Sunan ya sa mutane na zaton duk wanda ya daɗe duniya haka zai ƙare. Alhali kowa ya san tsoho ɗan shekara 90 wanda zai lissafa maka iyakokin gonakin gari kaf, har da wanda ya ara ma wane. Gigin tsufa cuta ce ta ƙwaƙwalwa. A 1901 an kai wata mata ƴar shekara 51 gidan likita a birnin Farankfut, ƙasar Jamus. Tana mantuwa, tana zargin mijinta, tana kwashe kaya tana ɓoyewa. Likitan da ya duba ta sunansa Alois Alzheimer. Da ta rasu a 1906, ya duba ƙwaƙwalwarta da madubin da ke ƙara girman abu, ya iske ƙwayoyinta da yawa sun mutu, wani abu kuma ya taru tsakaninsu kamar tsatsa. Sunansa aka ba cutar, kuma ita ce kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na gigin tsufa. Saura wasu cututtuka ke kawo shi, babba cikinsu shi ne toshewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, irin wanda hawan jini ke jawowa. Ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ke fama da abin, fiye da kashi 60 cikin 100 kuwa a ƙasashen da ba masu arziki ba suke. Har yau ba a sami maganin da ke warkar da shi ba.

Cutar tana cin tunani yadda ake cin rumbu: damen da aka aza daga ƙarshe shi ake fara fiddawa, na ƙasa shi ke daɗewa. Shi ya sa Inna ba ta san ta sha fura ɗazu ba, amma tana iya gaya maka sunan ƙawayen da suka raka ta ɗakin miji. A cikin kanta rasuwar Malam an riga an fidda ta, zamansu tare kuwa yana nan ƙasan rumbu.

Bari in ɗan ratse in yi gargaɗi guda. Gigin tsufa a hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru. In tsoho ya kwana lafiya, cikin kwana ɗaya ko biyu ya rikice, yana sambatu, to wannan wani abu ne dabam. Sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon fitsari, ko ƙarancin ruwa a jiki lokacin bazara. Irin wannan yana da magani, a gaggauta kai shi gidan likita.

Yanzu mu koma ga taubashina. Kada ku yi saurin cewa ya cika tauri, don hujjarsa ba ta banza ba ce. Da muka zauna ya kawo mini labarin da malamai ke bayarwa, na matar da ta kira ɗanta tana cewa za ta ba shi wani abu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye ta mi za ta ba shi, ta ce dabino. Aka nuna mata cewa da ba ta ba shi komi ba, da an rubuta mata ƙarya. Taubashina ya ce, in yaro ƙarami ba a yarda a yaudare shi ba, ƙaƙa za a yaudari uwa? Ya ce ranar da gida ya saba da yi ma tsohuwa ƙarya, ranar ta tashi daga uwa ta koma abin lallashi, jikoki su dinga yi mata wasa suna dariya bayan idonta.

Akwai wata hujja da bai faɗa ba, ni kuwa ita ta fi ba ni tsoro. Bakin da ya saba cewa "Malam ya aiko" don tsohuwa ta ci tuwo, yana iya cewa "Malam ya aiko" don ta dangwala hannu bisa takardar saida gona. Mutumin da ba ya riƙe magana, ba ya iya kai ƙara, in ya kai ma ba mai yarda da shi, ba wanda ya kai shi sauƙin cuta. Kowa ya san irin rigimar gado da ke tashi bayan an ce tsoho ya yi kyauta da bakinsa, alhali shekara biyu bai san sunan ɗiyansa ba.

Matar kuma ga tata hujja, ko da yake ita ba ta tsara ta kamar mai wa'azi ba. Don mi ake faɗa ma mutum gaskiya? Don ya sani, ya yi aiki da abin da ya sani. Wanda aka gaya ma rasuwa yana kuka, ya karɓi gaisuwa, kwana ya tura kwana, zuciya ta yi sanyi. Inna ba ta da wannan hanyar. Labarin ba ya zama cikin kanta balle ya tsufa. Kullum sabo ne. Ke nan wanda ya gaya mata bai ƙara mata sani ba, sai dai ya sake kashe mata miji.

Wani zai ce ai ba komi, tun da za ta mance. A nan ne matar ta ga abin da masu bincike ma suka gani. A 2014 malaman jami'ar Ayowa, a Amurka, sun buga sakamakon wani gwaji da suka yi da mutum 17 masu cutar Alzheimer. Sun nuna musu sinima mai ban tausayi da mai ban dariya. Bayan ɗan lokaci da yawansu ba su iya faɗin abin da suka kalla ba, amma baƙin cikin ko farin cikin yana nan tare da su. Magana na ɓacewa, ɗacinta ya saura. Ƙin cin tuwon Inna da juyinta na dare, ga inda suka fito.

Ni a ganina, dukansu biyu sun ɗauka hanya biyu ce kawai, ko a faɗi rasuwa ko a ƙaga aike. Tsakanin biyun nan kuwa akwai fili mai faɗi, kuma nan ne mafi yawan aikin yake. Tsohuwar da ta ƙulle kaya da la'asar, mi take nema? Shekara 50 tana ɗora tukunya a wannan lokaci. Jikinta ya san lokacin aiki ya yi, ta duba ta ga ba murhunta ba ne, ba ɗakinta ba ne, tsoro ya kama ta. In ta ce gida, tana nufin inda aka san ta, inda ake bukatarta. In ka amsa wannan, sau da yawa tambayar Malam tana kwantawa da kanta. "Inna, kina kewar Malam ko?" Wannan ba ƙarya ba ce. "Inna, tuwon gidan nan sai da hannunki, zo ki duba mana miya." Wannan ma ba ƙarya ba ce. Malamanmu sun daɗe da sanin irin maganar da mutum ke kauce ma ƙarya da ita ba tare da ya buɗe abin da zai cutar ba, suna ce mata tauriyya.

Amma ban yarda a ɓoye mata komi da komi ba. In an yi sabuwar rasuwa, ta ɗa ko ta ɗan uwa, tana da hakki a gaya mata sau ɗaya, cikin natsuwa, wani na riƙe da hannunta. In kuma ita da kanta ta dube ka ta ce "ya mutu ko?", kada ka musa. Mai irin wannan tambaya ya riga ya ji abin cikin ransa, in ka ce a'a ka bar shi shi kaɗai da shakkarsa. Saura ranar da wake bai yi ba, hira ba ta yi ba, tsohuwa na jan ƙofa cikin duhu tana kuka. A ranar in suruka ta ce "zai yi dare", ni ba zan ɗaga mata murya ba. Malamai sun ambaci wuraren da aka yi rangwame, kamar sulhu tsakanin mutane. Ko wannan ya shiga cikinsu, hukunci nasu ne. Abin da nake aunawa da shi dai guda ne: wa ya ci ribar maganar? In tsohuwa ce ta samu barci, da sauƙi. In mai maganar ne ya samu gona, ko ya samu abin dariya, wannan zalunci ne ko da wane suna aka kira shi.

Abin da ya fi damuna cikin labarin nan wani ne. Matar taubashina ta yi shekara biyu tana kuka kafin ta gano abin da za a iya koya mata cikin wuni ɗaya. Mu mun ɗauka kula da iyaye haƙuri kawai yake so. Haƙuri wajibi ne, amma mai haƙuri da bai san aiki ba yana iya cutar da wanda yake so. Ungozoma ma tana son mai naƙuda, duk da haka sai da aka koya mata wanke hannu da yanke cibi da reza sabuwa.

Mu a ƙasar nan ba baƙin wannan hanya ba ne. Tun shekarun 1960, a ƙasar Maraɗi, ƙauyuka suka dinga zaɓen mutanensu, a ba su horo na ƴan kwanaki, su komo da akwatin magani suna wanke gyambo, suna ɗiga maganin ido, suna ba da nibakin. Ungozomomi ma haka. Ba lokotoro ba ne, amma sun tsare rayuka. An gwada irin wannan kan gigin tsufa a Gowa, ƙasar Indiya. Aka horar da mutanen gari, ba likitoci ba, suna shiga gidaje suna koya ma masu jinya. Gidaje 81 aka yi gwajin da su, kuma sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna damuwar masu jinyar ta ragu. A 2019 OMS ta fidda littafin koyarwa mai suna iSupport don iyalan masu wannan cuta. Ya ƙunshi sanin cutar, da hidimar yau da kullum, da abin yi in halin majinyaci ya sake, har da yadda mai jinya zai kula da kansa. Ba abin da zai hana a maida irinsa cikin Hausa, a karanta shi a ajin yaƙi da jahilci, a faɗe shi a rediyon karkara, masu aikin ɗakunan shan magani na ƙauye su kai shi gida gida.

Darussan kuwa ba masu wuya ba ne. Ka zo ma tsoho ta gabansa, kada ka dafa shi ta baya. Ka faɗi sunanka da kanka, ka bar yi masa jarrabawar "wane ne ni?", wadda baƙi ke so ƙwarai, don ba abin da take ƙara masa sai kunya. Magana ɗaya, ka jira amsa. In ta ce an sace mata kuɗi, kada a rantse, kada a yi fushi. A ce "mu nema tare", kuma a san wuraren da take ɓoyo, ƙarƙashin tabarma ne ko cikin ƙwarya. A rufe rijiyar gida, a ɗauke ashana da maganin ƙwari. A gaya ma maƙwabta da maigari halin da ake ciki, don in an gan ta bisa hanyar daji a san ba gona za ta ba. A ɗinka mata ƴar takarda cikin fata kamar laya, da sunan gari da lambar salula. A ba ta aikin da hannunta ya sani, ɓarar gujiya, tsintar wake, kaɗin auduga in ta iya. In ta yi sallar azahar sau uku, ko ta yi raka'a shida, a ƙyale ta. Malamai sun ce wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, kuma sallar nan tana sanyaya mata rai. Ɗauri da igiya kuwa, ko kulle ɗaki a tafi, yana ƙara tsoro ne, tsoro kuma shi ke kawo duka da zagi.

Akwai darasin da duk gari ya kamata ya ji. Tsohuwar da ta fita tsakar dare ba zane, aka iske ta ƙofar gidan wani, ko aka tambaye ta ta amsa abin da ba ta yi ba, nan da nan sai a ce mayya ce. A arewacin Gana har akwai wurare, kamar Gambaga, inda matan da aka kora da zargin maita ke fakewa, mafi yawansu tsofaffi. Mu ma mun san tsofaffin da yara suka jefa da dutse. Wanda ya san yadda cutar ke sa mutum ya amsa duk abin da aka sa masa a baki, ba zai karɓi irin wannan amsa a matsayin shaida ba.

Sannan wa za a koya ma? In an ce horo, sai maza su tura mata. OMS ta ce kashi 70 cikin 100 na awoyin jinyar masu wannan cuta mata ke yin su, mu kuwa ba mu bukatar lissafi, mun gani da ido. Ɗa ya ɗauko uwarsa ya sami lada da yabon gari, matarsa ta wanke kashi da fitsari, kuma ita ce tsohuwa za ta ce ma ɓarauniya. Ƴan uwa da ke ci-rani a Legas ko Abijan su aiko da jikka biyar, su bugo waya, tsohuwa ta ce musu kwana uku ba a ba ta abinci ba, su hau faɗa. Da sun san cutar, da sun tambayi matar ƙanensu yaushe rabonta da barci. Mai jinyar da ba ta hutawa wata rana hannunta zai kuɓuce, ta yi abin da za ta daɗe tana nadama. Don haka a raba kwana: ɗiya mata su karɓa ranar kasuwa, jikoki manya su zauna da ita da hantsi, ɗa namiji kuma ya riƙe la'asar, tun da ita ce lokaci mai wuya.

Wannan na ƙarshe shi muka shirya da taubashina. Bai yarda da maganar aike ba, har yau. Matarsa ma ba ta yi alkawarin bari ba. Ta ce ranar da ta rasa dabara za ta faɗa, Allah ya ga zuciyarta. Amma ya yarda ya dinga zama gida daga la'asar zuwa magariba.

Da kaka na je ƙauyen. Matar ta tafi suna, sai mu biyu da tsohuwa. Rana ta yi sanyi, Inna ta fito da ƙunshinta bisa kai. Na ga ya buɗe baki ya rufe. Can ya ce: "Inna, wace miya Baba ya fi so?" Ta tsaya, ta dube shi kamar ya yi tambayar wauta. Ta ce kuka mana, amma sai an cika daddawa, kuma in tuwo ya kwana ba ya ci sai an ɗumama da man shanu. Ta sauke ƙunshin ta zauna bisa turmi. Ta ba mu labarin shekarar da fara ta cinye hatsi, Malam ya tafi Kano da jaki ya komo da masara. Muna nan har aka fara kiran salla. Sai ta yi shiru, ta ce: "Ya mutu ko?" Ya ce: "I, Inna. Allah ya yi masa rasuwa." Ta daɗe tana kallon ƙasa. Ta ce Allah ya jiƙansa, mutum ne mai haƙuri. Ta ce a ba ta ruwan alwala.

Washegari da la'asar ta sake ƙulle kayanta.